Yadda Za Ku Yi Hasashen Sakamakon Tiyatar Gaɓar Muƙamuƙi Kafin Ku Sa Hannu

Duk wanda likita ya gaya wa cewa muƙamuƙinsa, ko na ɗansa, yana buƙatar tiyata, tambayar da take fara zuwa bakinsa ita ce, "Likita, za a dace kuwa?" Amsar da aka fi ji ita ce "in sha Allahu", kuma amsa ce ta gaskiya, domin waraka a hannun Allah take. Sai dai a bayan wannan amsa akwai lissafin da likitocin fiɗar baki da fuska suke yi kafin su ɗauki wuƙa, kuma yawancin abin da ke cikin lissafin ba sirri ba ne. Majinyaci da danginsa za su iya tattara kaso mai yawa daga ciki tun suna gida, su je asibiti da shi a rubuce, su kuma fahimci dalilin da ya sa aka ce wa wani tiyata za ta amfane shi ƙwarai, aka ce wa wani ya dakata, alhali dukansu da kukan muƙamuƙi suka zo.

Gaɓar da ake magana a kanta tana gaban kunne, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Idan kuka ɗora yatsa a wurin kuka buɗe baki a hankali, za ku ji kan ƙashin muƙamuƙi yana juyawa da farko, sannan ya zamo gaba. Tsakanin kan ƙashin da gindin ƙoƙon kai akwai ɗan faifai na guringuntsi wanda yake tafiya tare da ƙashin, yana hana ƙashi gogar ƙashi. Da yake ƙashi ɗaya ne ya haɗa gaɓoɓin biyu, duk abin da aka yi wa ɗaya sai ya shafi ɗayar, kuma ya shafi yadda haƙoran sama da na ƙasa suke haɗuwa.

Ku fara tantance abin da kuke so tiyatar ta gyara

Masu ciwon wannan gaɓa da kuka iri uku suke zuwa: baki ya ƙi buɗuwa, ko zafi ya hana su tauna da barci, ko kuma gaɓar tana ƙara idan sun buɗe baki. Waɗannan ukun ba ɗaya suke ba wajen hasashe, kuma a ganina rashin bambance su shi ne babban abin da ke sa mutum ya fito daga tiyatar da likita yake ganin ta yi kyau, shi kuwa yana ganin ba a yi masa komai ba. Buɗewar baki ita ce aka fi iya hasashenta, domin matsala ce ta abu ya tokare abu, idan aka kawar da abin da ya tokare, hanya ta samu. Zafi ya fi wuyar hasashe nesa ba kusa ba, domin yana iya fitowa daga gaɓar, ko daga tsokar tauna, ko daga jijiya, ko daga dukansu a haɗe. Ita kuwa ƙara, matuƙar babu zafi kuma baki yana buɗuwa sosai, ba dalilin tiyata ba ce. An ɗauki hoton MRI, mai nuna faifan gaɓa, na mutanen da ba su da wani kuka game da muƙamuƙinsu, aka tarar kusan kashi ɗaya cikin uku faifan nasu ya goce daga mazauninsa, suna kuma cin abincinsu lafiya lau. Saboda haka kada hoto shi kaɗai ya kai kowa ɗakin fiɗa.

Ku zauna ku rubuta da kalmominku abu ɗaya da kuka fi so ya canza. "Ina so in iya sa loma a baki" buri ne da likita zai iya aunawa, ya kuma faɗa muku gwargwadon yadda yake sa ran cimma shi. "Ina so in daina jin komai a fuskata" buri ne da babu likitan kirki da zai yi muku alkawarinsa.

Ku auna, ku rubuta

Ku sami ƙaramar rula mai tsabta, ku tsaya gaban madubi, ku buɗe baki iyakar inda za ku iya ba tare da zafi ba, ku auna tazarar da ke tsakanin bakin haƙoran gaba na sama da na ƙasa. Sannan ku ƙara buɗewa iyakar ƙarfinku ko da akwai zafi, ku sake aunawa. Baligi mai lafiya yakan buɗe milimita 40 zuwa 50 ko fiye, abin da ya gaza milimita 35 kuma likitoci suna ɗaukarsa a matsayin takurarren buɗewa. In babu rula, ku jera yatsunku uku na tsakiya a tsaye ku gwada shigar da su tsakanin haƙora, da sharaɗin yatsun majinyacin ne da kansa, ba na mai jinya ba. Ku lura kuma ko haɓa tana karkata gefe guda yayin buɗewa, domin takan karkata ne zuwa ɓangaren da ya maƙale.

Shi ma zafin ku ba shi maki daga 0 zuwa 10, safe da dare, na tsawon mako biyu ko uku. Ku rubuta abin da yake tayar da shi, ko tauna ce, ko hamma, ko doguwar magana, ko kuwa haka kawai yake zuwa ko da baki yana rufe. Ku rubuta ranar da abin ya fara gwargwadon tunawarku, da abin da ya faru kafin nan, kamar faɗuwa daga babur, ko duka a haɓa, ko cire haƙorin da ya ɗauki lokaci baki yana buɗe. Tsawon lokacin da ciwo ya ɗauka yana cikin manyan ma'aunan hasashe, kuma wannan takarda ita ce za ku gwada sakamakon tiyata da ita daga baya, domin mutum yana saurin mance yadda yake kafin a yi masa aiki.

A ina zafin yake zaune?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace nauyi ga mai zafi, kuma gwajin farko nata ba ya cin ko kwabo. A ce wa majinyaci ya nuna inda yake masa ciwo. Wanda ya ɗaga yatsa ɗaya ya ɗora daidai gaban kunne, ya ce nan ne, kuma zafin yana tashi idan ya tauna abu ya lafa idan ya huta, to alama ce mai ƙarfi cewa matsalar tana cikin gaɓar, kuma irinsa ne tiyata ta fi yi wa amfani. Wanda kuwa ya shimfiɗa tafin hannunsa ya shafi kumatu da gefen kai har zuwa wuya da kafaɗa, yana tashi da safe muƙamuƙinsa a gajiye, matarsa ko abokin kwanansa yana jin yana cizon haƙora cikin barci, to mafi yawan zafinsa daga tsoka yake. Tsoka kuwa ba a gyara ta da yanka gaɓa. Idan aka yi wa irin wannan mutum tiyata, sai ya fito da zafinsa na da, an kuma ƙara masa tabo.

Likita yana da hanyar tabbatarwa. Zai iya yin allurar kashe zafi a cikin gaɓar ko a jijiyar da take kai mata ji, sannan ya jira 'yan mintoci ya ce majinyaci ya buɗe baki ya tauna. Idan zafin ya ɗauke ko ya ragu ƙwarai, gaɓar ce tushensa. Idan yana nan yadda yake, to a nemi tushen a wani wuri, ko turmin haƙori ne ya ruɓe, ko haƙorin ƙarshe ne ya maƙale, ko kunne ne, ko jijiyar fuska. Ina ba da shawara duk wanda za a yi wa tiyata saboda zafi ya tambayi likitansa game da wannan gwaji.

Haka nan a duba ko an ba magani ba tare da tiyata ba haƙƙinsa. Mafi yawan masu ciwon gaɓar muƙamuƙi suna samun sauƙi ba tare da an yanka su ba, ta hanyar sassauta abinci, da gasa wurin da tsumma mai ɗumi, da maganin kumburi na ɗan lokaci bisa umarnin likita, da robar da likitan haƙori yake yi wa mutum ya kwana da ita a baki, da motsa gaɓa a sashen gashi. Akan ba wannan wata uku zuwa shida. Amma a yi shi da gaske: wanda yake shan magani da safe, da rana ya ci goro, da yamma ya sha rake ko ya ja kilishi, da dare ya tauna aya ko cingam, bai gwada komai ba tukuna. Masu gyambon ciki da masu ciwon ƙoda kuma su faɗa wa likita kafin a rubuta musu maganin kumburi. Wannan jira bai shafi wanda ƙashin gaɓarsa ya haɗe da na ƙoƙon kai ba, ko mai ƙari, ko mai sabuwar karaya, domin su jira ba ya ƙara musu komai sai wahala.

Abin da hoto yake faɗa, da irin aikin da ya dace da shi

Hoton haƙora mai zagaye muƙamuƙi shi ne na farko, yana nuna haƙora da siffar kan ƙashin. Hoton CT shi ne yake nuna ƙashi dalla-dalla, hoton MRI kuma shi ne yake nuna faifan da ruwan da ya taru a gaɓa. Ku tambayi likita wanne ne zai canza shawararsa kafin ku kashe kuɗi, domin ba kowane majinyaci ne yake buƙatar duka ukun ba.

A 1989 wani likita a Amurka mai suna Wilkes ya kasa lalacewar cikin gaɓar zuwa mataki biyar, kuma har yau da rabonsa ake aiki. A mataki na ɗaya da na biyu faifan yana gocewa yana komawa, akwai ƙara, wani lokaci da ɗan zafi da maƙalewa ta ɗan lokaci. A na uku faifan ya goce ya ƙi komawa, baki ya takura, zafi ya yawaita. A na huɗu ƙashin ya fara sauya siffa, a na biyar kuma faifan ya huje ko ya lalace, ƙashi yana gogar ƙashi. Ku tambayi matakin da kuke, domin shi yake nuna girman aikin da ake buƙata da abin da za a iya tsammani daga gare shi.

Aiki mafi sauƙi shi ne wanke gaɓa, wanda wata likita mai suna Nitzan da abokan aikinta suka bayyana a 1991: a soka allura biyu a saman gaɓar, a tura ruwa ta ɗaya ya fita ta ɗayar, ya wanke abubuwan da ke haddasa kumburi ya kuma saki faifan da ya manne. Wanda ya fi dacewa da shi shi ne wanda bakinsa ya kulle ba zato, bai fi 'yan watanni ba, ƙashinsa kuma bai lalace ba. Gwargwadon daɗewar kullewar da tsufan majinyaci da lalacewar ƙashi, gwargwadon raguwar abin da za a samu. Sama da wannan akwai aiki da siririyar na'ura mai kyamara da ake zurawa cikin gaɓa, wanda wani likita mai suna Ohnishi ya fara a Japan a 1975, sai kuma buɗe gaɓar da wuƙa ta gaban kunne domin a mayar da faifan, ko a cire shi, ko a gyara ƙashi. Ƙa'idar da na ga ta fi kare majinyaci ita ce a fara da mafi ƙanƙantar aikin da zai iya biyan buƙata, domin wanke gaɓa idan bai yi ba bai rufe ƙofar komai ba, buɗe gaɓa kuwa yana barin tabon da ba ya gogewa.

Sau nawa aka taɓa taɓa gaɓar?

Tiyatar farko ita ce mafi alheri, kuma wannan yana cikin abubuwan da likitocin wannan fanni suka fi yarda da su. Kowane yanka yana barin tabo a ciki, yana rage jinin da ke isa wurin, yana kuma iya taɓa ƙananan jijiyoyi, ta yadda wanda aka buɗe wa gaɓa sau biyu ko uku zai iya samun ƙarin buɗewar baki a aiki na gaba, amma da wuya zafinsa ya ragu kamar na wanda ba a taɓa yanka ba. Amurka ta ga wannan da idonta a shekarun 1980, lokacin da aka sa wa dubban mutane faifan roba mai Teflon a madadin nasu, robar ta rududduge a ciki ta ci musu ƙashi, aka janye ta daga kasuwa a farkon shekarun 1990, da yawansu kuma suka yi ta shiga tiyata bayan tiyata. Don haka idan an taɓa yi muku aiki a wani asibiti, ku nemo takardun aikin ku kai, kada ku ɓoye saboda kunya ko tsoron kada likita ya ƙi karɓarku.

Sauran jiki da halin zuciya

Ciwon suga da ba a daidaita ba da shan taba suna jinkirta warkewar rauni, suna kuma buɗe ƙofar ƙwayoyin cuta. Mai amosanin gaɓɓai irin wanda garkuwar jiki take cin gaɓoɓi, muddin cutar tana kan ganiyarta, za ta ci gaba da cin abin da aka gyara. Mai sikila yana buƙatar shiri na musamman kafin allurar barci. Kunnen da yake zubar da mugunya dole a warkar da shi tukuna, domin yankan a jikinsa ake yi. Wanda turamen haƙoransa suka zube kuma nauyin tauna yana komawa kan gaɓar, sai a haɗa da gyaran haƙora.

Akwai wani ɓangare da mutanenmu ba su cika son a taɓo ba. Wanda yake fama da ciwo a wurare da yawa na jiki, ko rashin barci, ko damuwa mai tsanani, ko ya daɗe yana shan tiramadol da makamantansa, yakan fito daga tiyata da ragowar zafi fiye da wanda ba shi da waɗannan, ko da hotunansu iri ɗaya ne. Wannan ba ya nufin ciwon nasa ƙarya ne ko raki. Jijiyoyin da suka daɗe suna ɗaukar saƙon zafi sukan koyi ƙara masa ƙarfi, kuma wuƙa ba ta isa inda wannan yake faruwa. Shi ya sa tsarin binciken ciwon gaɓar muƙamuƙi da aka sabunta a 2014 yake da ɓangare biyu, ɗaya na jiki ɗaya na halin zuciya da yadda ciwon ya shafi rayuwa. Idan likita ya tambaye ku game da barci da damuwa, ku amsa masa da gaskiya, domin amsar tana cikin lissafin.

Haɗewar ƙashi, musamman a yara

A nan zan daɗe, domin a ƙasarmu wannan shi ne babban abin da ke kai mutane tiyatar gaɓar muƙamuƙi. Yaro ya faɗo daga bishiya ko katanga ko babur, ya bugu a haɓa, a ɗinke raunin haɓar a sallame shi, ba a lura cewa ƙarfin bugun ya wuce ya fasa kan ƙashin a gaban kunne ba. Jini ya taru a gaɓar, yaro ya daina buɗe baki saboda zafi, wani lokaci ma a ɗaure masa muƙamuƙi na makonni da niyyar ɗori, a hankali jinin ya zama ƙashi. Bayan wata shida ko shekara sai iyaye su lura cokali ba ya shiga. Ciwon kunne mai mugunya da aka bari ma yana iya kaiwa ga haka. Saboda kan ƙashin nan wurin girman muƙamuƙi ne, yaron da abin ya same shi yana ƙarami haɓarsa takan tsaya ba ta girma, ta karkace idan gefe ɗaya ne, ta koma baya idan gefe biyu ne.

Wajen hasashe a nan, ku nemi amsar abubuwa kaɗan. Na farko, tabo ne ya riƙe gaɓar ko ƙashi ne, kuma in ƙashi ne, yaya girmansa? Likitan Indiya Sawhney ya kasa shi gida huɗu a 1986, daga mannewa kaɗan har zuwa dunƙulen ƙashin da ya shafe gaɓar gaba ɗaya, kuma gwargwadon girman dunƙulen gwargwadon wuyar aiki da haɗarin dawowa. Na biyu, shekarun majinyaci: ƙashin yaro yana tsirowa da sauri, kuma yaro ba ya jure motsa baki mai zafi sai an tsaya a kansa, don haka sake haɗewa ta fi yawa a yara. Na uku, gefe ɗaya ne ko biyu. Na huɗu, ko an taɓa yin aikin ya koma.

Sannan ku saurari yadda likita ya tsara aikin. Tsarin da likitan Amurka Kaban da abokan aikinsa suka wallafa a 1990 ya zama ma'auni a duniya: a cire dunƙulen ƙashin gaba ɗaya har ɓangaren ciki da ba a gani da sauƙi, a yanke ƙahon ƙashin da tsokar gefen kai take riƙewa idan yana hana buɗewa, har na ɗaya gefen in ta kama, a shimfiɗa wani abu a tsakani kamar tsokar gefen kai ko guringuntsi domin kada ƙashi ya sake taɓa ƙashi, a sake gina tsayin muƙamuƙi, sannan a fara motsa baki da wuri. Abin nema shi ne baki ya buɗe aƙalla milimita 35 tun majinyaci yana kan gadon tiyata. Ku tambayi adadin da aka samu a ranar, ku rubuta shi, domin yawanci abin da za a zauna a kansa daga baya yakan ɗan gaza wannan, da wuya ya zarce shi. Idan za a ɗauko ƙashin haƙarƙari a dasa wa yaro, ku sani girman dashen ba shi da tabbas: wani ya girma daidai, wani ya tsaya, wani ya zarce har haɓa ta karkata ɗaya gefen, don haka akan bi yaron har ya gama girma, kuma mai yiwuwa ya buƙaci aikin gyaran fuska daga baya. Gara iyaye su ji wannan tun farko.

Ku gaya wa likita idan yaron yana minshari mai ƙarfi ko numfashinsa yana tsayawa cikin barci, domin wannan yana canza tsarin aikin baki ɗaya. Ku tambayi kuma yadda za a sa masa bututun numfashi alhali baki ba ya buɗuwa, ko ta hanci da na'ura mai kyamara, ko ta ɗan huji a maƙogwaro na ɗan lokaci. Irin wannan aiki na babban asibiti ne mai likitocin fiɗar baki da fuska da ƙwararrun allurar barci, kamar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke kan titin Zariya a Kano.

Kullewar baki da cutar Noma mai zaizayar baki da kumatu take bari daban take, domin sau da yawa gaɓar kanta lafiyarta ƙalau, tabo ne da ƙashin da ya tsiro a kumatu suka ɗaure muƙamuƙi. Sakinsa yana buƙatar a kawo nama daga wani wuri a cike gurbin da ya ɓace, kuma dawowarsa ta fi yawa. Akwai asibiti na musamman domin wannan cuta a Sakkwato tun 1999, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su a Disamba 2023.

Motsa baki bayan aiki

Idan aka ce in zaɓi abu ɗaya da yake hannun iyali, wanda kuma ya fi kowane nuna inda za a ƙare, wannan zan zaɓa. Wurin da aka cire ƙashi kamar gona ce da aka share a farkon damina, idan aka juya mata baya ciyawa za ta rufe ta. Akan fara motsa baki cikin kwanakin farko, sau da yawa a rana, ana jera 'yan katakon da likita yake danne harshe da su tsakanin turamen haƙora, ana ƙara ɗaya bayan ɗaya, kuma akan ci gaba wata shida zuwa shekara. Yana da zafi, yaro zai yi kuka, kaka ko gwaggo za ta ce a ƙyale shi ya huta, kuma tausayi ne ya sa ta faɗa. Amma hutun mako biyu yana iya cinye abin da aka samu a ɗakin fiɗa. Tun kafin ranar aiki ku tsayar da mutum ɗaya a gida wanda zai ɗauki nauyin wannan, ku kai shi ya koya a gaban likita ko ma'aikacin gashi, ku nemi maganin rage zafi da za a sha kafin motsawar, ku kuma yi lissafin kuɗin motar komawa asibiti a cikin kuɗin tiyatar, musamman in daga wajen birni kuke zuwa. Iyalin da suka san ba za su iya wannan ba a yanzu, ya fi musu su faɗa wa likita a sa ranar da za su iya.

Gaɓar ƙarfe

Ga babban da gaɓarsa ta lalace ƙarshe, ko haɗewa ta yi ta dawowa, akwai sauya gaɓar da ta ƙarfe da roba mai tauri. Tana da tsada ƙwarai, daga waje ake kawo ta, tana inganta buɗewa da tauna, amma motsin muƙamuƙi gefe da gefe yakan ragu, kuma raguwar zafi ta dogara da yawan tiyatar da aka yi a baya. Mai borin jini da ƙarfe, irin wanda ɗan kunne ko agogo yake sa wa ƙaiƙayi, ya faɗa tun da wuri.

Abin da za ku tambaya, da abin da za ku sa wa ido

Ku tambayi likita, cikin ladabi kuma kai tsaye, milimita nawa yake sa ran samu, zafin zai ɗauke ne ko raguwa zai yi, irin wannan aiki yana yawan yinsa, kuma mene ne mataki na gaba idan ba a dace ba. Ku tambayi haɗarin jijiyar da take motsa fuska, wadda take ratsawa kusa da wurin yankan. Taɓuwarta tana sa gira ta ƙi ɗaguwa ko ido ya ƙi rufuwa sosai, yawanci yakan warware cikin makonni ko watanni, amma haɗarin ya fi girma ga wanda aka taɓa yanka. Ku tambayi ko haɗuwar haƙora za ta canza, musamman idan gefe biyu za a yi, domin haƙoran gaba suna iya daina haɗuwa.

Bayan an sallame ku, ku koma ga rular nan da takardar nan, ku riƙa aunawa sau ɗaya a mako a lokaci guda. Kumburi da taurin kwanakin farko ba abin tsoro ba ne, kuma abinci mai laushi irin su kunu da koko da fate da alale da fura da nono shi ne abokin tafiya har likita ya ba da izinin tauna. Awon da yake hawa a hankali ko ya tsaya cak a wuri mai kyau alama ce ta alheri. Idan kuwa ya sauka da milimita uku ko huɗu mako biyu a jere duk da ana motsawa, ko zazzaɓi ya zo, ko rauni ya fara zubar da ruwa, ko ji ya ragu a kunnen ɓangaren, to kada ku jira ranar da aka rubuta muku a kati, ku koma asibiti a makon, domin a wannan lokaci likita yana iya buɗe bakin a ƙarƙashin allurar barci ya tsinke tabon tun bai zama ƙashi ba.